Daga tukunyar Mirya zuwa ƙwayar iraniyom: taƙaitaccen tarihin wani seramik

1. Gabatarwa

In an ce seramik, hankalinmu kan tafi ga tulu da randa da tangaran. Amma tun ƙarshen ƙarni na 19 masana suka faɗaɗa ma'anar kalmar, har ta haɗa da kayayyakin da babu yumɓu ko kaɗan a cikinsu. A wannan ƙasida za mu bi tarihin ɗaya daga cikinsu, wato ƙwayar oksid na iraniyom, domin shi ne ya fi shafar ƙasarmu kai tsaye.

2. Abin da ya raba tsohon seramik da sabo

Maginiyar tukwane ta Mirya takan daka yumɓu, ta kwaɓa, ta gina, ta shanya, sannan ta gasa. Wutar gashinta da wuya ta kai digiri 900. Masana'antun zamani ma wannan sawun suke bi, sai dai da bambanci biyu. Na farko, garinsu tataccen sinadari ne da aka san girman ƙwayoyinsa. Na biyu, wutarsu takan zarce digiri 1500. A wannan zafin ƙwayoyin garin kan manne da juna ba tare da sun narke ba, ƙofofin da ke tsakaninsu su toshe, abin ya tsuke ya yi tauri.

A shekarar 1891 Ba'amurke Edward Acheson ya samar da karbir na silisiyom, wanda ake wasa ƙarfe da shi. Wajen 1930 aka soma gasa tsantsar alumin a Jamus domin rufin bujin mota. A 1970 likita Pierre Boutin ya sa wa majinyaci gaɓar ƙugu ta alumin a garin Pau na Faransa. Duka waɗannan suna jure zafi da tsatsa da gogayya, amma suna da raunin tukunya: ba su lanƙwasa, sai dai su fashe.

3. Yadda iraniyom ya zama seramik

Bajamushe Martin Klaproth ne ya gano iraniyom a 1789. Fiye da shekara ɗari babban amfaninsa shi ne rina gilashi da tangaran. Al'amarin ya canza da zuwan tukunyar nukiliya. Ta farko a Faransa, mai suna Zoé, ta fara aiki ranar 15 ga Disamba 1948 da oksid na iraniyom da aka gasa.

Me ya sa daga baya yawancin tashoshin lantarki suka zaɓi oksid, suka bar tsantsar ƙarfen? Ƙarfen iraniyom yana narkewa a digiri 1132, yana kumbura a cikin tukunya, kuma ruwan zafi yana cin sa. Shi kuwa oksid ba ya narkewa sai wajen digiri 2865, yana zama lafiya da ruwa, yana kuma riƙe yawancin gubar da fashewar atam ke haifarwa. Illarsa ita ce ba ya fitar da zafi da sauri, saboda haka cibiyar ƙwayar takan fi gefenta zafi nesa ba kusa ba, har ta tsage. Ana jera ƙwayoyin cikin dogayen bututai na zirkoniyom, waɗanda ke tsare su daga ruwan tukunya.

4. Matsayin Nijar a wannan tarihi

An gano iraniyom a Azelik a 1957. Kamfanin Somaïr ya soma haƙa a Arlit a 1971, Cominak kuma a Akuta a 1978, har zuwa rufe ta a watan Maris na 2021. Abin da ke fita daga ƙasarmu gari ne kawai. A baya, an yi shekaru da dama ana ɗaukar sa a manyan motoci ta hanyar Tawa zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da shi Faransa. A lokacin, a can ake tace shi a Malvési, a ƙara masa ƙarfi a Tricastin, sannan a Romans a matse garin, a gasa shi a wajen digiri 1700. Sakamakon shi ne ƴar ƙwaya mai nauyin giram 7 ko kusa da haka.

Ke nan, daga cikin matakan nan, na farko kaɗai ne aka yi a gida. Tacewa da matsewa da gashi, inda ilimi ya taru, duk a waje suke.

5. Kammalawa

A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta bayyana mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Wannan ya shafi tambayar wa ke da ramin haƙa, amma bai amsa tambayar wa ya iya sarrafa garin ba. Ba muna cewa a fara ƙera ƙwayar nukiliya gobe ba ne, domin sai an sha wuya akan sha daɗi. Ilimin gari da wuta iri ɗaya ne, ko a bulon da ke jure zafin tanderun siminti na Malbaza, ko a tangaran ɗin da ke riƙe wayar lantarki, ko a matatar ruwan sha. A ganinmu daga nan ya kamata sassan kimiyya na jami'o'inmu su soma: su auna yumɓun yankunansu, su tantance sinadaransa, su kuma zauna da magina tukwane, waɗanda suka daɗe da sanin halin ƙasa da wuta.