Sarcosuchus

Sarcosuchus wani ƙaton dangin kada ne da ya rayu kimanin shekaru miliyan 112 da suka wuce, lokacin da manyan koguna ke ratsa yankin da ya zama hamadar Tenere a yau. A Gadoufaoua, cikin jihar Agadez ta Nijar, aka tono mafi yawan ƙasusuwansa. Masana biyu 'yan Faransa, France de Broin da Philippe Taquet, suka raɗa masa suna a 1966.

Ƙoƙon kansa kaɗai ya kai tsawon mita 1.6, da dogon baki mai haƙora 132 da wani kumburi a ƙarshen hanci. Paul Sereno na Jami'ar Chicago, wanda ya yi tono a wurin a 1997 da 2000, ya ƙiyasta tsawonsa da mita 11 zuwa 12, amma binciken baya-bayan nan ya rage shi zuwa kusan mita 9.5. Ko a hakan, babu kadan da ya kamo ƙafarsa a yau.

Ba shi ne kakan kadojin yanzu ba. Ya ɓace tun kafin babbar halakar da ta shafe dinoso shekaru miliyan 66 da suka wuce. Wasu danginsa, Dyrosauridae, sun tsallake ta, kuma an samu ƙasusuwansu a yankin Sakkwato.