Takardar neman tallafin aiki: yadda ƙungiyar ɗalibai ke shirya ta

Duk hutun damina, ɗaliban da ke karatu a jami'o'in Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai sukan dawo gida, ƙungiyarsu ta zauna da dattawa, a ce a yi wa gari aiki. Yawanci maganar ruwa ce. Sai a ce yara su rubuta "porje", a kai ma'aikatar magajin gari, a aika wa ƴan uwa da ke Kano, Legas, Abijan ko Aljeriya. To, mece ce wannan takarda?

Porje, ko takardar neman tallafin aiki, bayani ne a rubuce da ke nuna matsalar da ake ciki, aikin da za a yi, kuɗin da zai ci, da wanda zai kula da shi bayan an gama. Ta sha bamban da rahoto: shi rahoto labarin abin da aka riga aka yi ne ko aka gano, ita kuwa tana neman a yarda a zuba kuɗi a abin da ba a fara ba. Shi ya sa mai karanta ta yake da taurin kai, kuma da gaskiyarsa.

Mu ɗauki misalin rijiyar burtsatse, wato foraj, mai aiki da hasken rana. Ba a soma wa da "garinmu na fama da ƙishirwa", kowa ya san haka. Lissafi ake so. Ma'aunin da ake amfani da shi a karkarar Nijar shi ne lita 20 ga mutum guda a yini, da wurin ɗiban ruwa na zamani guda ga mutum 250. Gari mai mutum 1.500 ke nan yana buƙatar lita 30.000 kullum, bido 1.200 na lita 25, ba a ma sa dabbobi ba. Daga wannan adadi ne ake fitar da girman shato da ƙarfin famfo. Wanda ya rubuta girman shato bai nuna inda ya samo shi ba, injiniya zai gane tun shafin farko.

Sannan ƙasa ba ɗaya ba ce. A kewayen Damagaram akwai wuraren da dutse ke ƙarƙashi, a haƙa a tashi a banza. Kuma ruwa ya fito ba shi ne ya shawu ba: mutanen Tibirin Gobir ba su manta da ruwan da sinadarin fuliyo ya yi wa yawa ba, wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa. Don haka kuɗin binciken wuri da na awon ruwa su shiga kasafi, kuma a je ma'aikatar ruwa a tambayi zurfin rijiyoyin makwabta kafin a rubuta komai.

Wajen kuɗi, kowane abu da layinsa: haƙa, bututu, famfo, farantan hasken rana, shato, ladan ma'aikata, sufuri. A karɓo debi daga hannun ƴan kwangila biyu ko uku, a liƙa a bayan takarda. A rubuta adadi da sefa, da alƙaluma. Mun san a kasuwa in an ce "ɗari biyu" jika guda ake nufi, amma ɗan uwan da ya shekara ashirin a Legas da naira yake lissafi, rikici daga nan yake farawa. Gudummawar gari ma a rubuta ta, ko yashi ne da tsakuwa da aikin gayya.

Abu biyu ɗalibai suka fi mantawa. Na farko fili: wanda ya ba da shi yau da baki, magadansa na iya tada magana gobe, sai a nemi takardar kyauta ta hannun mai gari da kwamitin ƙasa, wato COFOB. Na biyu gyara. Ɗalibai suna komawa makaranta, famfo yana nan. Wa ke sayar da ruwan, nawa bido, ina ake ajiye kuɗin, wa ake kira in ya lalace? A ganinmu wannan shafin ya fi duk sauran nauyi, kuma mata su shiga kwamitin, tunda su ke ɗibar ruwan.

Game da rabon aiki, ana iya raba tattara bayanai, wani ƙidaya, wani farashi, wani zane, amma rubutun ƙarshe mutum guda ya yi shi, in ba haka ba adadin mutanen gari sai ya zo iri biyu a takarda ɗaya. Wani malami ya duba kafin a buga. A tabbata aikin yana cikin tsarin raya komin, wanda ake kira PDC, don shi hukuma ke fara dubawa.

Galibi da Faransanci ake rubuta ta, saboda ofisoshi. Amma a yi taƙaitawa ta shafi guda da Hausa, a karanta a dandali gaban mai gari, a ɗauki muryar a tura wa na ƙetare ta WhatsApp, tare da hoton debi da sunayen waɗanda za su sa hannu a asusun.