Daga Garejin Menlo Park Zuwa Suleja: Tarihin Tarukan Masu Rubuta Manhaja

Kwanakin nan magana ta yawaita tsakanin matasanmu cewa lokaci ya yi da Suleja za ta shirya gasarta ta masu rubuta manhajar kwamfuta, kamar yadda ake yi a Abuja da Kaduna da Kano. Shawara ce mai kyau. Sai dai duk inda aka tayar da zancen, abubuwa uku ake fara lissafawa: kuɗin kyauta, babban baƙo, da zauren da za a kama haya. Tunda kuɗin jama'a za a taɓa, kuma yaranmu ne za su zuba lokacinsu da burinsu a ciki, na ga ya kamata mu waiwayi yadda irin waɗannan taruka suka samo asali, mu ga wane iri ne ya bar abin nunawa.

A ranar 5 ga Maris 1975, wasu mutane kimanin talatin suka taru a garejin wani mai suna Gordon French a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya a Amurka. Shi da abokinsa Fred Moore ne suka kira taron. Dalilin haɗuwar shi ne a kalli wata ƙaramar kwamfuta da ta fito a lokacin, Altair 8800, wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya harhaɗa da kansa. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannai, sai 'yan makunnai da ƙananan fitilu a gabanta. Daga wannan zama aka samu ƙungiyar da ake kira Homebrew Computer Club, wadda ta ci gaba da haɗuwa a kai a kai har zuwa 1986.

Tsarin zamansu shi ne abin da ya fi jan hankalina. Da farko mai jagorancin zama, wanda galibi Lee Felsenstein ne, zai ba kowa dama ya miƙe ya faɗi abin da yake yi, ko abin da ya gagare shi, ko abin da yake da shi na bayarwa. Bayan an zagaya, sai a watse cikin zauren, mai matsala ya nemi wanda ya ji yana da maganinta. Suna kuma buga 'yar takardar labarai da ke kai abin da aka tattauna ga wanda bai samu zuwa ba. Babu kyauta, babu alƙali. Cikin waɗanda suka halarci zaman farko akwai wani matashin injiniya, Steve Wozniak, wanda ya koma gida ya fara zana tasa kwamfutar, ya riƙa kawo ta wurin zaman yana nunawa. Ita ce Apple I, wadda shi da Steve Jobs suka kafa kamfanin Apple a kanta a 1976. A takardar labaran ƙungiyar ne kuma aka buga wasiƙar nan ta Bill Gates a farkon 1976, inda ya yi ƙorafin cewa masu sha'awar kwamfuta na kwafar manhajarsa ba tare da sun biya ba. Ashe rigimar kwafar manhaja ta girmi faifan da muke saya a kasuwa da shekaru masu yawa.

Ita gasa ta biyo wata hanya ce daban, ta jami'o'i. A 1970 aka yi wata gasa a Jami'ar Texas A&M, daga nan ta bazu har aka yi zagayen ƙarshe na farko a 1977. Ita ce a yau ake kira ICPC, gasar ɗaliban jami'o'in duniya. Dokokinta sun cancanci mu tsaya a kansu, domin kamar da mu aka tsara su. Kowace tawaga mutum uku ce, kuma kwamfuta ɗaya tal ake ba su. Awa biyar ake yi. Ana ba su jerin matsaloli, kowace sai an rubuta manhajar da za ta warware ta. Wanda ya fi warware matsaloli da yawa shi ne kan gaba, in an yi kunnen doki sai a duba lokaci. Duk amsar da aka miƙa ba daidai ba, in daga baya an warware matsalar, ana ƙara wa tawagar minti 20 a matsayin tara. Duk matsalar da tawaga ta warware kuma, sai a ɗaura mata balan-balan mai launin wannan matsalar a teburinta, kowa a zauren na ganin inda aka kwana.

Wannan doka ta kwamfuta ɗaya ga mutum uku ba talauci ne ya kawo ta ba. Tana tilasta wa yaro ya yi tunani a kan takarda kafin ya taɓa madannai, ta kuma koya masa jiran layi da raba aiki da 'yan uwansa. A wurinmu kuwa tana da amfani na biyu: kwamfutoci tafi-da-gidanka goma sun ishi matasa talatin, kuma ƙaramin janareto ko sola ya ɗauke su.

'Yan sakandare ma suna da tasu, wato IOI, da aka fara a garin Pravets na ƙasar Bulgeriya a 1989 da ƙasashe 13. Ta zo Afirka sau uku: Cape Town a 1997, Alƙahira a 2008, da Iskandariyya a 2024.

Sai nau'i na uku, wanda shi ne matasanmu suka fi ji a yanzu, wato hakaton. Sunan ya fito ne a 1999. A watan Yuni na shekarar, mutum goma masu aiki a kan manhajar OpenBSD suka haɗu a birnin Calgary na Kanada, suka kwana suka wuni suna rubutu tare. Sun zaɓi Kanada ne don kauce wa dokokin Amurka na lokacin a kan fitar da manhajar ɓoye sirri zuwa waje. A lura, su ma ba gasa suka yi ba. Mutane ne da suka daɗe suna aiki ɗaya daga nesa, suka ga cewa zaman kwana biyu a ɗaki guda zai gama abin da saƙonni ba su gama ba. Daga baya ne kamfanoni suka ɗauki sunan suka ɗora masa alƙalai da kyaututtuka.

A Najeriya, duk wannan bai yiwu sosai ba sai da hanyar sadarwa ta buɗe. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, shekarar da aka kafa hukumar NITDA. 'Yan shekaruna za su tuna zamanin shagunan intanet, inda ake sayen lokaci awa-awa, masu ƙaramin ƙarfi kuma su jira na dare don ya fi araha. Da yawa daga masu rubuta manhaja na farko a ƙasar nan a irin waɗannan shaguna suka koya, kowa shi kaɗai da allonsa. A Kano kuwa tun 1996 aka fara wani shiri na koyar da kwamfuta wanda daga baya ya zama cibiyar CITAD, ƙarƙashin jagorancin Malam Y. Z. Ya'u. Wato Arewa ba jiya ta shiga wannan fage ba.

Babban sauyi ya zo ne da aka samu wuraren zama na dindindin. Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa Co-Creation Hub, wadda ta buɗe ƙofa a unguwar Yaba ta Legas a 2011. A wannan shekarar cibiyar ta shirya hakaton a kan harkar mulki, kuma daga nan ne BudgIT ta fito, ƙarƙashin Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade. Matsalar da suka ɗauka kowa ya san ta: kasafin kuɗin gwamnati littafi ne mai kauri da talaka ba ya iya karantawa. Suka mayar da shi zane-zane da alƙaluma masu sauƙin fahimta, a 2014 kuma suka ƙara da Tracka don bin sawun ayyukan mazaɓu. A ganina abin da ya raya BudgIT shi ne bayan an tashi daga hakaton ɗin, sun samu tebur da wuta da intanet da masu ba da shawara a cibiyar da ta shirya taron. Da a zauren otal aka yi, aka raba kyauta aka kulle ƙofa, da wuya mu san sunanta yau. Wannan cibiya ce Mark Zuckerberg na Facebook ya ziyarta a ƙarshen Agustan 2016, kuma shi Bosun Tijani ne ya zama ministan sadarwa a 2023, ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku.

A Arewa, CoLab ta buɗe a Kaduna a 2016 ƙarƙashin Sanusi Ismaila, Kano na da Startup Kano da wasunta, ga kuma ƙungiyoyin masu amfani da fasahar Google da ke shirya taron DevFest a birane irin su Abuja da Kano da Kaduna. Amma misalin da na fi so matasanmu su riƙe shi ne na AfriSenti. A 2023, Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, tare da Idris Abdulmumin na Jami'ar Ahmadu Bello da sauran abokan aikinsu, suka shirya gasa ta duniya a ƙarƙashin SemEval. Abin da aka nema shi ne a gina manhajar da za ta karanta saƙon Twitter da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Amharik ko Swahili da wasu harsunan Afirka, ta gane ko yabo ne, ko suka, ko tsaka-tsaki. Tawagogi daga ƙasashe daban-daban suka shiga. A nan 'yan Arewa ne suka kafa tambayar suka kuma riƙe maki. Kafin su kai ga haka sai da suka yi aikin da ba a tafa wa: tattara dubban saƙonni da sa masu jin harshen su tantance su ɗaya bayan ɗaya, aikin da suka fara fitarwa a 2022 da sunan NaijaSenti.

To mu dawo gida. Suleja ba baƙuwa ba ce ga irin wannan zama, sai dai da yumɓu aka yi shi. Lokacin da garin nan ke amsa sunan Abuja, sunan da ya samo daga Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828, wani Bature magini mai suna Michael Cardew ya zaɓe shi a 1951 don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata Bagwariya, Ladi Kwali, ya gane cewa ya gamu da gwana. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi juya tukwane a kan keken gini, da shafa musu sheƙi, da gasa su a murhu mai tsananin zafi, amma ba ta bar ginin hannu irin na Gwari ba, da zanensa na ƙadangare da kunama da kifi. Aka baje tukwanenta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau ga hotonta a bayan takardar naira ashirin. Wannan duka ya fito ne daga rumfar aiki da ake buɗewa kullum, da malami a ciki, da kayan aiki, da ido da ya san gwani idan ya gan shi. Yadda cibiyar ta lalace daga baya kuwa, duk ɗan garin nan ya gani da idonsa, kuma hakan ma na cikin tarihin.

Kusancinmu da Abuja ta yanzu riba ce da ke tafe da asara. Yaron da ya iya rubuta manhaja a Kwamba ko Madalla ko Gauraka, can zai je taro, can zai sami abokan aiki, a ƙarshe can zai tare. Ƙaninsa da ba shi da kuɗin mota ba ya samun kowa a gida da zai nuna masa. 'Yan mata kuwa abin ya fi tsanani a kansu, domin iyaye ƙalilan ne za su bar 'yarsu ta tafi taron kwana a wani gari, alhali da yawa za su yarda da zaman Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar a unguwar da suka sani. Ga Federal Government Academy a garin nan da ake kawo haziƙan yara daga duk faɗin ƙasa, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna da ke yaye 'ya'yanmu duk shekara, amma babu zauren da ke haɗa su da yaron da ke koyon Python a wayar yayansa.

Shawarata ga masu wannan yunƙuri ita ce a jinkirta gasar, a fara da zama. Wata shida na haɗuwar Asabar, a tsarin nan na Homebrew: kowa ya faɗi abin da yake yi da inda ya maƙale, sannan a watse a taimaki juna. A yi bayani da Hausa duk inda Turanci ya tsaya wa yaro a wuya. A cikin wannan lokaci za a san su wa ke zuwa da gaske, a kuma gano mutum biyu ko uku da za su iya tsara tambayoyi su gwada amsoshinsu tun kafin ranar, domin tambaya ɗaya mai kuskure ta isa ta ɓata gasa duka ta bar zargin son kai. In ranar ta zo, a bi dokar mutum uku da kwamfuta ɗaya. Matsalolin kuma a ɗebo su daga garin: littafin bashi na 'yan Kasuwar IBB, lissafin adashi, jerin layin masu Keke Napep a tasha, ko hanyar sanar da mazauna bakin rafi idan ruwa ya fara tasowa, tunda ba mu manta ambaliyar Yulin 2017 ba.

Kuɗin da aka yi niyyar kashewa a hayar zaure da tallan babban baƙo zai iya sayen data na watanni da gyaran tsofaffin kwamfutocin da ke ajiye a gidajen 'yan uwa. Abin da ya rage a samu shi ne ɗaki: aji guda a wata makaranta ko shago da babu kowa, mai sola ko wurin ajiye janareto, wanda mai shi zai yarda ya ba da makulli kowace Asabar. Duk wanda ke da irin wannan wuri, ko ya san mai shi, ya yi magana a ƙasan wannan rubutu.