Sankarar Babban Hanji: Me Dogayen RNA Ke Nuna Wa Likita?

Wani mai karatu ya turo mini saƙo, wai gaskiya ne akwai gwajin da zai nuna ko sankarar hanjin mahaifinsa za ta dawo bayan tiyata? Ya ji ana maganar dogayen RNA. To, ga yadda abin yake.

A DNA ɗin da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, abin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Sauran, a da an ɗauka tarkace ne. Ashe jiki na kwafo dogayen RNA daga ciki, masu tsawon da ya haura harafi 200. Ba sa ƙera furotin, yawancin aikinsu kunna wasu ƙwayoyin gado ne ko kashe su.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne HOTAIR, an gano shi a 2007 a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 2011 masu bincike a Japan suka nuna cewa waɗanda ƙarin hanjinsu ke da HOTAIR mai yawa, cutar ta fi bazuwa zuwa hantarsu, kuma ba su daɗe kamar sauran ba. Akwai kuma CCAT1 da CCAT2, suna kan kromosom na 8 kusa da MYC, mai ingiza ƙwayoyi su yi ta hayayyafa.

Inda ake fatan amfaninsu ya fito shi ne mataki na biyu. An cire ƙarin, bai shiga kaluluwa ba, amma wasu tana dawo musu. Wa za a ƙara wa maganin sankara mai wahalarwa, wa za a ƙyale? Nan ne likita ke neman alama.

Sai dai har yanzu a ɗakin bincike suke, ba gwajin asibiti ba ne na yau da kullum. Dogon RNA da hukumar magunguna ta Amurka ta amince a gwada tun 2012, PCA3, na sankarar mafitsara ta maza ne.

Don haka na ce wa ɗan'uwan nan kada ya biya kowa kuɗi a kan wannan. Ya tambayi likita matakin cutar, ya riƙa kai Baba gwajin jini na CEA da hoton CT da leƙa hanji da kyamara a kan lokaci. Shi ma, tunda mahaifinsa ne, ya je a duba nasa hanjin, musamman in yana ganin jinin nan da muke kira basir.