'Ya'yan Zango da Makarantar Boko a Tamale

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a arewacin Gana. Fataucin goro ne ya kai su Salaga, kuma da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar garin a 1892, sai suka bazu zuwa wasu garuruwa. Bayan da Turawan Ingila suka mayar da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, zangon Hausawa na garin ya cika ya batse.

An buɗe makarantar gwamnati ta farko a Tamale a 1909. Turawa sun fi neman 'ya'yan sarakunan gargajiya, shi kuwa baƙo ba shi da sarauta a ƙasar Dagomba. Su ma fataken ba su damu ba, domin suna da allo da ajami, suna kuma zargin boko da raba yaro da addininsa. Ga shi kuma yankin gaba ɗaya an bar shi a baya: sai a 1951 ya sami sakandare ta farko. Ɗan zango ke nan ya zama na ƙarshe a layin da shi kansa yake ƙarshe.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama makonni 2 su fice. Iyalai da dama sun kwashe yaran da aka haifa a Gana, karatu ya yanke.

Kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi a 1987 ya rage wancan tsoro na addini, amma bai taɓa matsalar harshe ba, wadda ita ce ta fi ci wa yara tuwo a ƙwarya. Gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa labarai da Hausa. Duk da haka, lokacin da aka zaɓi harsuna 11 don koyar da karatu a ƙananan azuzuwa, Dagbani da Gonja sun shiga, Hausa ba ta shiga ba, saboda kallon harshen baƙi da ake yi mata. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, aka sa shi firamare a unguwa irin Kasalgu, zai fara haɗa baƙi da wasali ne cikin Dagbani da Turanci. Idan ya yi shiru a aji, sau da yawa daƙiƙi ake ɗaukar sa, alhali wataƙila ya riga ya yi nisa a allo.