Nano da arewacin Togo: yadda ake auna ƙasa, sama da tsirrai

Nano gari ne na ƙabilar Moba a gundumar Tandjouaré ta jihar Savanes, kudu maso yammacin Dapaong, a can ƙuryar arewacin Togo. An fi saninsa da kogon dutsen Nok da ke kusa da shi, inda mutanen dā suka gina rumbunan laka sama da 100 a jikin tsauni, suna fakewa a wurin lokacin hare-hare tsakanin ƙarni na 17 da na 19. A shekarar 2000 Togo ta sanya rumbunan Nok da na Mamproug cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. Yankin da ya tashi daga nan zuwa Sokode kuma fage ne na bincike a fannoni uku: awon ƙasa, ilimin taurari da ilimin tsirrai. Dukansu sun dogara ne ga abu ɗaya, wato a duba, a rubuta, a adana, a kuma maimaita shekara da shekaru.

Dutse da ruwan ƙarƙashin ƙasa

Tsaunin da kogon Nok yake ciki dutsen yashi ne, wanda ya taru tun kusan shekara biliyan ɗaya da ta wuce, a gefen babban kwarin da masana ke kira kwarin Volta. Arewa da Dapaong kuwa dutsen ya fi wannan tsufa da tauri, kuma ruwa ba ya zama a cikinsa sai a tsaguwa ko inda ya rube. Shi ya sa ake haƙa burtsatse a wani wuri a tashi a banza, a matsa kaɗan a samu ruwa.

Don rage wannan asara, masu awon ƙasa kan kafa sandunan ƙarfe a jere, su tura wutar lantarki cikin ƙasa, su auna yadda take ratsawa. Busasshen dutse yana tare wuta, jiƙaƙƙe kuwa yana barinta ta wuce. Daga lambobin da suka samu ne suke zana hoton abin da ke ƙarƙashi, su nuna wa masu haƙa inda ya dace.

Maganaɗisun duniya

Duniya kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take nuna arewa. Akwai wani layi da ya kewaye duniya inda ƙarfin maganaɗisun yake kwance, ba ya karkata sama ko ƙasa. A Afirka ta Yamma layin yana ratsawa ta wajajen digiri 10 zuwa 12 arewa, Dapaong kuma tana dab da digiri 11. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, wata igiyar lantarki tana gudana zuwa gabas da rana. An fara lura da alamarta a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, kuma masanin Ingila Sydney Chapman ya raɗa mata suna a 1951.

Daga 1992 zuwa 1994 an yi wani shiri na ƙasa da ƙasa don nazarinta, inda aka jera tashoshi goma daga San Pedro a Kwaddibuwa har Tumbuktu a Mali. Amfanin binciken ya wuce ɗakin karatu, domin hargitsin da ke faruwa a wannan sashe na sama yana shafar saƙon rediyo da na GPS, wanda jiragen sama da masu awon filaye suke dogara da shi.

Ruwan sama

Awon da ya fi kusa da manomi shi ne na ruwan sama. Hukumar hasashen yanayi ta Togo tana da tashoshi a Dapaong, Mango, Niamtougou, Kara da Sokode. Milimita ɗaya a ma'auni na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Damina ɗaya ce a yankin, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Dapaong kan samu kimanin milimita 1,000 a shekara, Sokode kuma ta fi haka.

Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce sai an tara bayanan shekara 30 kafin a ce ga yanayin wuri, kuma a yanzu ana amfani da na 1991 zuwa 2020. Irin waɗannan lambobi ne cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suke haɗawa da hotunan tauraron ɗan'adam don fitar da hasashen damina kowace shekara.

Taurari

Tun kafin zuwan na'urori mutanen yankin suna karanta sama. Bahaushe ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara da Gamzaki. Malamai kuma suna lissafin shekara da masaukan wata 28, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, jimla 365, kuma da shi manoma da yawa suke tantance lokacin shuka. Ganin jinjirin watan Ramadan ma lura ce da ke buƙatar shaida da tantancewa.

Babban abin da ya faru a sararin yankin a wannan ƙarni shi ne husufin rana na 29 ga Maris 2006. Inuwar wata ta shigo ta Gana, ta ratsa Togo ta wajen Atakpame, ta bi Benin, sannan ta rufe Gusau, Katsina da Maraɗi kafin ta nufi Libiya da Turkiyya. A Dapaong rana ba ta rufe gaba ɗaya ba. An san ranar da sa'ar tun shekaru kafin aukuwarsa, albarkacin lissafin da aka gina kan rubutattun bayanai na ɗaruruwan shekaru. Ƙauyuka irin na Nano, inda hasken lantarki bai cika dare ba, sun dace da kallon sama, sai dai ƙurar hunturu kan dushe taurari daga Disamba zuwa Fabrairu.

Tsirrai

A zamanin mulkin Jamus, daga 1884 zuwa 1914, wani likita mai suna Hermann Kersting ya shugabanci gundumar Sokode, garin da fataken goro Hausawa suka daɗe suna yada zango. Ya tara tsirrai masu yawa ya aika Berlin. A 1908 masanin tsirrai Hermann Harms ya yi bayanin wani ɗan wake mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, ya sa masa suna Kerstingiella geocarpa. Yau sunansa Macrotyloma geocarpum, Turawan Ingila kuma suna kiransa gyaɗar Hausa. Manoman yankin sun riga Kersting saninsa, abin da ya ƙara shi ne rubutu.

Hanyar aikin ba ta sauya sosai ba. Ana yanko reshe mai ganye da fure, a matse shi tsakanin takardu ya bushe, a rubuta wuri, rana, sunan gida da amfaninsa. A Najeriya likita J. M. Dalziel ya bi wannan hanya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A Maris 1943 bama-baman yaƙin duniya na biyu suka ƙone mafi yawan ma'ajiyar tsirrai ta Berlin, samfura da dama daga Afirka suka salwanta. Sai a 1984 Brunel, Hiepko da Scholz suka fitar da littafin da ya tattara tsirran Togo. Yanzu Jami'ar Lome tana da tata ma'ajiyar.

Ƙidayar itatuwa tana da tasiri a doka. Bayanan da suka nuna yadda ake ƙarar da madobiya a Afirka ta Yamma ne suka sa aka taƙaita cinikinta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES daga 2017. Irin wannan ƙidaya ce za ta nuna ko kaɗanya, ɗorawa da kuka suna raguwa a gonaki.

Halin da ake ciki

Tun daga Nuwamba 2021 'yan bindiga suke kai hare-hare a gundumar Kpendjal, kuma a Yuni 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes. Wannan ya wahalar da aikin fili a wasu sassa. Tauraron ɗan'adam na iya cike wani giɓi, amma shi ma sai an gwada lambobinsa da na ƙasa kafin a amince da su. Ruwan da ya sauka ba a auna ba kuwa, babu mai iya komawa ya auna shi. Saboda haka malamin makaranta ko manomin da ke duba ma'auni kowace safiya yana rubutawa a littafi, aikinsa na cikin ginshiƙan wannan ilimi, muddin an ajiye kwafin littafin a inda mutanen wurin za su iya samunsa.