Rigimar Nauyi da Haske a Tarihin Yankan Lu'ulu'u

A shekarar 1851 aka yi wani gagarumin baje koli a birnin Landan, cikin wani makeken gini na ƙarfe da gilashi a dandalin Hyde Park. Abin da ya fi jan jama'a shi ne Koh-i-Noor, lu'ulu'un da Turawan Ingila suka karɓe daga hannun Duleep Singh, yaron da ke kan sarautar Punjab, bayan sun ci ƙasarsa a 1849. Mutane suka yi dogon layi, suka leƙa kejin da aka ajiye shi, suka koma gida suna gunaguni. Sun zo ganin dutse mai ɗaukar ido, sai suka tarar da abu dishi-dishi. Aka kewaye shi da fitilun gas da madubai, duk bai sauya zani ba. Abin ya tsaya wa Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, a rai, har da shekara ta kewayo ya sa aka ɗauko gwanaye daga gidan Coster na Amsterdam. Kwana 38 suka yi a kansa. Ya shiga hannunsu yana da nauyin karat 186, ya fito da 105.6. Fiye da kashi 40 cikin 100 na dutsen ya bi iska, aka kuma kashe fam 8,000 a kan aikin.

Wajen shekara 200 kafin wannan, a fadar sarakunan Mughal na Indiya, an yi irin wannan aiki amma labarin ya sha bamban. Jean-Baptiste Tavernier, Bafaranshen fataken nan da ya yi ta zirga-zirga zuwa Indiya, ya ba da labarin wani ƙaton lu'ulu'u da aka nuna masa a taskar Sarki Aurangzeb a 1665. Ya ce ɗanyen dutsen ya haura karat 780, aka miƙa wa wani mutumin Venice mai suna Hortensio Borgio ya gyara, shi kuwa ya yi ta guga har ya dawo da shi wajen 280. Maimakon lada, sai aka ci shi tarar rupi 10,000.

Ni dai, idan gaskiya za a bi, hukuncin fadar Mughal na fi fahimta. Na tashi ina ganin iyayenmu mata suna sayen gwal a kan ma'auni. Giram nawa ne, ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya, nawa za a cire na aiki ran da za a sayar: magana ke nan. Sarƙa ado ce a wuya, ajiya ce kuma ta ranar da ba a fata. Wanda ya saba da haka ba zai ga hikimar zubar da rabin dukiya don a samu ƙyalli ba. Magogan Indiya ma haka suke kallon abin. Har wajen 1725, lokacin da aka gano lu'ulu'u a Brazil, kusan duk wanda ke yawo a duniya daga ƙasarsu ya fito, daga ma'adinan yankin Golconda. Sun san dutsen ciki da bai. Sukan goge fuska a inda akwai tabo don su ɓatar da shi, su bar sauran yadda Allah ya yi shi. Kamar tela ne da aka ba shadda mai tsada, tsoron rage yadi ya hana shi sa almakashi sosai, rigar ta fito da yalwa amma ba ta zauna a jiki ba.

Akwai kuma dalili na dole. Babu abin da ke cin lu'ulu'u sai ɗan'uwansa. A Turai ta ƙarni na 14, iyakar abin da ake iya yi shi ne a ɗan goge fuskoki takwas da dutsen ke fitowa da su, siffar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi. Daga baya aka fara shafe tsinin sama ya zama fili, wanda ake kira tebur. Ana danganta faifan guga da wani mutumin Bruges, Lodewyk van Bercken, a ƙarni na 15: faifai ne na ƙarfe mai juyawa a kwance, ana shafa masa garin lu'ulu'u da aka kwaɓa da man zaitun, a danna dutsen a kai, fuska ɗaya bayan ɗaya. Har yau wannan faifan ne ginshiƙin sana'ar. A wannan zamanin ne, a 1477, Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundy zoben da 'yan kasuwa ke yawan cewa shi ne zoben baiko na lu'ulu'u na farko. Amaryar yau da za a nuna mata irinsa, ina jin za ta yatsina fuska. Duk wanda ya lura da zanen sarakunan Turai na wancan lokaci zai ga masu zane baƙi suke yi wa lu'ulu'u, domin haka yake a ido: haske ya shiga ta sama ya zurare ta ƙasa, bai dawo ba.

Sana'ar ta kafu a Antwerp, sannan bayan Sifaniyawa sun ci garin a 1585 gwanaye da yawa suka ƙaura Amsterdam, inda Yahudawa suka riƙe ta, tun da an rufe musu ƙofar yawancin ƙungiyoyin sana'a amma ba a rufe wannan ba. Salo ya yi ta sauyawa, fuskoki suna ƙaruwa. Duwatsun Brazil na ƙarni na 18 da na 19 yawanci sukan fito da ɗan kusurwa huɗu, da doron sama mai tudu da ƙaramin tebur, an kuma datse tsinin ƙasa har ana hango shi kamar rami daga sama. Ba don sha'awa suke fitowa haka ba. Kewaye dutse da hannu, ana goga shi da wani dutsen, aiki ne mai cin rai da cin nauyi, saboda haka a bi siffar da ya zo da ita. A hasken kyandir kuwa suna da kyau ƙwarai.

Abubuwa biyu suka karya wannan tsari, kusan a lokaci guda. An tsinci lu'ulu'u a Afirka ta Kudu a 1867, zuwa 1871 an fara haƙar Kimberley, ɗanyen dutse ya wadata yadda ba a taɓa gani ba. A can Boston ta Amurka kuma wani Henry Morse ya buɗe wurin guga, shi da shugaban ma'aikatansa Charles Field suka fito da injin tururi mai kewaye dutse ya fito da'ira sak. Morse yana auna kusurwa, yana zubar da nauyin da magogan Turai za su yi kuka a kansa, domin shi abin da ido ke gani yake nema. Sunansa bai yi tashe kamar na wanda ya biyo baya ba, kuma a ganina an rage masa haƙƙinsa.

Wanda ya biyo bayan shi ne Marcel Tolkowsky, ɗan gidan magoga na Antwerp, wanda ya karanta injiniyanci a Landan. A 1919, bai ko cika shekara 21 ba, ya buga ɗan littafinsa Diamond Design, ya sa lissafi a abin da gwanaye suke yi da ido da sabo. Ga yadda abin yake a taƙaice. Lu'ulu'u yana lanƙwasa haske sosai, har idan hasken da ke cikinsa ya bugi bango da karkatar da ta wuce digiri 24 da ɗan wani abu, ba ya iya fita, sai ya dawo ciki kamar ya bugi madubi. To idan an daidaita gangaren ƙasa, haske zai shiga ta sama, ya bugi gefe ɗaya, ya tsallaka ya bugi ɗaya gefen, ya dawo sama zuwa idon mai kallo. Fuskokin da ke kewaye da tebur kuma su ne ke tarwatsa shi ya fito ja da kore da shuɗi. Tolkowsky ya tsayar da gangaren ƙasa a digiri 40.75, na sama a 34.5, faɗin tebur kuma kashi 53 cikin 100 na faɗin dutsen. Fuskoki 57, 33 a sama da 24 a ƙasa, ko 58 idan an ɗan datse tsini. Kafin a kai ga haka, ɗanyen dutse yakan rasa wajen rabin nauyinsa, wani lokaci fiye.

Duk wannan da zai tsaya maganar masu sana'a da attajirai ne, ba don zoben baiko ba. Kamfanin Tiffany ya fito a 1886 da zobe mai 'yan farata shida da ke ɗaga dutse sama, ya rabu da jikin ƙarfe, ko'ina nasa a fili, aibin yanka ba shi da wurin ɓuya. Daga 1938 kuma kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer, inda wata ma'aikaciya, Frances Gerety, ta rubuta taken nan na 1947 mai cewa lu'ulu'u na har abada ne. Cikin 'yan shekaru samarin Amurka, daga baya na Japan, suka yarda cewa ba a neman aure sai da shi. Sai ga miliyoyin masu saye da ba su san komai a kan abin da suke saye ba, kowane ya ɗauko albashin watanni ya tsaya gaban kanta.

Mai saye irin wannan takarda yake buƙata. Robert Shipley ya kafa cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta GIA a 1931, ya yaɗa ma'aunai huɗu: nauyi, launi, tsabta, da yanka. A 1953 cibiyar ta fitar da sikelinta. Na launi ya fara daga harafin D ne, saboda dillalai sun riga sun ɓata A da B da C, kowa yana kiran hajarsa A biyu ko A uku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne makin yanka bai shiga takardar GIA ba sai a 2006, shekara 53 bayan na launi da na tsabta, kuma ga dutse mai da'ira kaɗai. Alhali cikin huɗun nan, shi ne kaɗai aikin hannun ɗan Adam, shi ne kuma wanda mutum zai iya gani daga ƙofar ɗaki. Tabon da sai an sa madubi mai ninka girma sau goma ake ganinsa yana da maki tun kakanninmu suna samari, amma ko dutse yana haske ko ba ya yi, an bar wa bakin mai kanti.

A kasuwar gwal ta Deira a Dubai wani dattijo mutumin Gujarat ya nuna min abin a zahiri, lokacin da na raka wani aboki sayen kayan lefe, hira ta kai mu ga nan. Ya zube duwatsu biyu a kan farar takarda mai ninki. A ƙarƙashin fitilun kantin, waɗanda an tsara su ne don ko ƙwalba ta yi ƙyalli, ban ga bambanci ba. Sai ya ɗauke su da hantsaki, ya kai bakin ƙofa inda inuwa take, ya tare hasken sama da tafin hannunsa. Ɗaya ya ci gaba da haske har gefe-gefensa, fari da baƙi a jere daidai, yana ƙiftawa idan an motsa shi. Ɗayan tsakiyarsa ta yi duhu. Ya ce wannan shi suke kira kan ƙusa, gindinsa ya yi zurfi da yawa. Wanda ya yi faɗi ba zurfi kuma yakan nuna wani farin zobe maras armashi a ciki, idon kifi. Mai duhun shi ne ya cika karat ɗaya cif, mai hasken bai kai ba, amma da ya jera su sai na ga faɗinsu kusan ɗaya ne. Karat ɗaya da aka yanka da kyau yakan kai wajen milimita 6.5 a faɗi. Idan ya gaza haka sosai, an ɓoye nauyin ne a ƙugu da gindi, inda babu mai gani idan an sa shi a zobe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, amma farashi yana tsalle a daidai wannan iyaka, saboda saurayi yana so ya ce karat ɗaya ya saya. A birnin Surat na Indiya, inda ake goge wajen tara cikin goma na lu'ulu'un duniya, yanzu na'ura ce ke ɗaukar hoton ɗanyen dutse, kwamfuta ta tsara yadda za a raba shi, a tsaga da hasken leza. Lissafin da take yi dai shi ne tsohon lissafin: a ƙara ɗan zurfi a tsaya a 1.00, ko a bi ƙa'ida a faɗo 0.94? Sau da yawa kuɗi ne ke yanke hukunci, a tsaya a can bakin iyakar maki mafi girma, inda takarda za ta ce madalla amma ido ya ce da sauƙi dai. Shi ya sa duwatsu biyu masu takarda iri ɗaya ba lallai su yi kama ba. Japanawa sun bi wata hanyar tun shekarun 1980, da wata 'yar na'urar leƙawa da ke nuna kibiyoyi takwas daga sama da siffar zuciya takwas daga ƙasa idan fuskoki sun zauna daidai. Tana da amfani, ko da yake daidaito take nunawa, ba ta ce kusurwa ta yi ba. Masu siffar ƙwai ko ɗigon ruwa kuwa sai ido, a duba ko wata baƙar inuwa ta gitta tsakiyarsu.

Shekaru da yawa dillalai suna sayen tsofaffin duwatsun zamanin kyandir, suna tura su a sake yanka su zuwa salon Tolkowsky. An yi asarar da yawa ta haka. Yanzu akwai amaren da su suke nema, saboda fuskokinsu manya ne, walƙiyarsu tana zuwa a hankali da launi mai faɗi, ba tartsatsi ƙanana ba, kuma ni ma su na fi so. Da sikelin 2006 za a auna su, da yawa ƙasa za su faɗo. GIA ba ta auna su da shi. Idan dutse ya cika sharuɗɗan tsohon yankan Turai, takan rubuta hakan a takardarsa, ta ba shi makin launi da na tsabta, ta ƙyale na yanka.